Yadda ake gane zangon maziyartan Kirista na farko a cikin kufai

"Malam, ni ɗalibin tarihi ne. Na karanta cewa tun ƙarni na 4 Kiristoci ke tasowa daga Turai da Masar su nufi Urushalima da Dutsen Sina'i ta ƙasa. To a ina suke kwana a hanya? Kuma idan masu tonon kayan tarihi suka iske kangon gini a bakin tsohuwar hanya, ta yaya suke sanin masaukin maziyarta ne, ba gidan gona ko barikin soja ba?"

Ɗan'uwa, tambayoyi biyu ka haɗa, ta biyun ce mai wuya. Inda suke kwana, su matafiyan da kansu sun bar mana rubutu a kai. Amma a tsaya gaban kango a ce nan ne masaukin maziyarta, wannan sai an tara shaidu, domin babu wani fasalin gini guda da ya keɓanta da su. Gidan gona babba, ƙaramin barikin soja, gidan zuhudu da masaukin fatake duk suna iya fitowa da siffa ɗaya a ƙasa: katanga mai kusurwa huɗu, tsakar gida, ɗakuna a kewaye, matarar ruwa a tsakiya.

Hanyar ta riga ziyarar

Lokacin da sarki Konstantin ya sakar wa addinin Kirista mara a shekarar 313, aka kuma buɗe babban cocin kabarin Almasihu a Urushalima a 335, ba a shimfiɗa wa maziyarta wata sabuwar hanya ba. Hanyoyin daular Rum suka bi, waɗanda aka tanada don 'yan aiken gwamnati da sojoji. Tashoshin kan waɗannan hanyoyi iri biyu ne. Akwai mutatiyo, ƙaramar tasha da ake sauya dawaki a wuce, akwai kuma mansiyo, zangon kwana mai ɗakuna da barga, wani lokaci har da gidan wanka. Dawakin gwamnati sai mai takardar izini ake ba. Wanda ba shi da ita sai ya nemi makwanci a masaukan 'yan kasuwa da suka yi tsiri a gefen tashar, ko ya shimfiɗa mayafinsa a fili.

Mafi tsufan bayanin da muke da shi na wani matafiyi ne daga Bordo ta ƙasar Faransa a yau, wanda ya je Urushalima a shekarar 333. Bai bar sunansa ba, amma ya jera kowace tasha da nisanta. Daga Bordo zuwa Arl, wani gari a kudancin Faransa, ya ƙirga mil 372, wuraren sauya dawaki 30, zangon kwana 11. Daga Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, zuwa Urushalima, ta Ankara da Tarsus da Antakiya, mil dubu da ɗari da 'yan kai ne, zango 58. Mil na Rum kusan mita 1,480 ne, ka ga ke nan tafiyar yini a wannan ɓangare tana kamawa wajen kilomita 30. Wannan jeri shi ne madogarar farko ta mai neman kufan tasha: ya auna nisan a taswira, ya je ya duba.

Da haka aka gane wurare irin su Ambrusum a kudancin Faransa, inda tono ya fito da unguwar masaukai a bakin kogi, masu faffaɗan ƙofofi da tsakar gida da maƙera, da kuma tashar Ad Kwintum kusa da Elbasan a Albaniya, inda gidan wankanta ke tsaye har yanzu. Sai dai a lura, waɗannan tashoshin gwamnati ne da maziyarci ya ratsa. Ba don shi aka gina su ba, kuma da wuya ka samu wata alamar addinin Kirista a cikinsu.

Bayan shekara hamsin wata mata mai suna Egeriya ta zagaya Masar da Sina'i da Falasɗinu tsakanin 381 da 384. Ta ce a hamadar da ke bayan Kilisma, wato Suwez ta yau, kowane zango sansanin soja ne, sojoji ke raka su daga wannan zuwa wancan, sai da suka hau babbar hanyar jama'a ta sallame su. A wasu wuraren kuma 'yan zuhudu ne suka sauke ta. Saboda haka tambayarka ta "masauki ne ko bariki" wani lokaci amsarta ita ce duka biyun.

Masaukan da coci ya gina da kansa sun fara yawaita ne daga tsakiyar ƙarni na 4. Sun yi tasirin da har sarki Juliyan, wanda ya bar addinin Kirista, ya rubuta a 362 yana umartar a gina irinsu a garuruwan Galatiya, wani yanki a Turkiyya ta yau, don kada Kiristoci su riƙa cinye kasuwar taimakon baƙi. Wata attajira 'yar Rum mai suna Paula ta gina masauki a Baitalami a ƙarshen ƙarnin. A ƙarni na 6 abin ya kai ƙololuwa: cocin Neya da sarki Jastiniyan ya gina a Urushalima, aka buɗe a 543, yana da masaukin baƙi da asibiti a jikinsa. Mai tonon kayan tarihi Nahman Avigad ya tono ƙatuwar matarar ruwansa a shekarun 1970, da rubutun sarkin a jikin bango.

Duk da haka, kada ka zaci wani tsari guda ne da hukuma ta zana. Kwatanta da Darbu Zubaida, hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka a zamanin Abbasiyawa, mai manyan zango 27 da tafkuna da rijiyoyi da aka tsara musamman don mahajjata. Can gane zango ba wuya, don aikin hukuma ɗaya ne. Hanyoyin ziyarar Kirista kuwa haɗe-haɗe ne: nan tashar gwamnati, can gidan zuhudu, gaba masaukin ɗan kasuwa.

Abin da ake dubawa a fili

Farko wuri. Ginin yana bakin hanyar da aka tabbatar tsohuwa ce? Ana tabbatarwa da duwatsun mil masu rubutu, ragowar daɓen hanya, gadoji, da sawun ƙafar karusa a kan dutse. Nisansa da tasha ta gaba ya yi daidai da tafiyar yini ko rabin yini? A kan tudu da gangare nisan yana raguwa. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ba ta kai kilomita 30 ba, amma gangare ne na sama da mita dubu, babu inuwa, babu ruwa, shi ya sa aka yi zango a tsakiyarta, wurin da ake kira masaukin Basamariye mai kirki. Can an samu gini mai tsakar gida da matarar ruwa da coci na ƙarni na 6, daga baya 'yan yaƙin gicciye da Turkawan Usmaniyya suka sake ɗora nasu ginin a wurin. Irin wannan maimaici shaida ce mai kyau cewa wurin zango ne, amma yana lalata shimfiɗun ƙasa na farko.

Sai ƙofa. Masaukin da karusa ke shiga yana buƙatar ƙofa mai faɗin mita 2.5 zuwa 3, kuma sau da yawa za ka ga ƙafafun karusa sun ci dutsen dokin ƙofa, tsakaninsu wajen mita 1.4. A ƙasar jakuna da raƙuma wannan alama ba ta aiki, domin a gabashin daular karusa ta yi ta raguwa a waɗannan ƙarnoni, dabbobin kaya suka maye gurbinta.

Ɗakuna kuwa, abin lura shi ne maimaituwa da rashin haɗuwa. Gidan iyali ɗakunansa na shiga cikin juna, wani babba wani ƙarami, akwai na ciki da baƙo ba ya gani. Masauki ɗakunansa kusan girma ɗaya, kowanne da ƙofarsa da ke buɗewa ga tsakar gida ko baranda. Matsalar ita ce ɗakunan 'yan zuhudu da na sojoji ma haka suke. Ga kuma wata: mutane a bene suke kwana, dabbobi da kaya a ƙasa, benen kuwa shi ke fara rushewa. Abin da ke nuna an taɓa yin sa shi ne gindin matakala, kaurin bango, ramukan azara a jikin bango, da gutsattsarin daɓe da suka faɗo suka kwanta a saman tarkacen ɗakin ƙasa. Mai tono da gaggawa yakan kwashe wannan tarkace ya zubar, da shi ya zubar da rabin ginin.

Barga ana gane ta da komaye na dutse a jere, ramuka ko zoben ƙarfe na ɗaure dabba, da kwata a ƙasa don fitsari. Ana ɗibar ƙasar daɓen a kai ɗakin gwaji, domin inda dabbobi suka daɗe sinadarin fosfet yana yawa. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwayoyi da ake gani da madubin ƙara girma, waɗanda ke fitowa a kashin tumaki da awaki da shanu, amma ba su cika samuwa a na doki da jaki ba. Wannan yana taimakawa wajen bambance garken makiyayi da bargar matafiya.

Amma komi kaɗai ba hujja ba ne. A Tebessa ta Aljeriya, kusa da babban cocin da ake jinginawa ga shahidiya Kirisfina, akwai dogon gini mai komaye gommai a jere. An daɗe ana cewa bargar maziyarta ce. Wasu masana kuma suna ganin irin waɗannan ɗakuna masu komaye, da ke da yawa a Afirka ta Arewa, wurin karɓa ko rabon hatsi da mai ne. Har yau ba a rufe maganar ba.

Ruwa ne alƙali

A ganina babu shaidar da ta kai ruwa nauyi a busasshiyar ƙasa, don ana iya auna ta. Ana auna tsawo da faɗi da zurfin matarar ruwa har zuwa inda yaɓen farar ƙasa ya tsaya, a fitar da abin da take ɗauka, a kwatanta da yawan mazauna. Ɗauki misali don lissafi kawai: matara mai mita 5 a 4, zurfi 4, tana ɗaukar lita dubu 80. Ayarin mutum 20 da jaki 20, in ka ba mutum lita 5, jaki lita 20, zai sha lita 500 a dare. Matarar za ta ɗauki irin wannan ayari dare 160 in ta cika. Idan gini mai ɗakunan zama biyar yana da irin wannan matara uku ko huɗu, kuma babu lambu ko matsar zaitun a kusa da za su cinye ruwan, to baƙi ake tanadar wa.

Kada a manta da inda ruwan ke fitowa. Ruwan sama milimita 100 a kan hekta ɗaya lita miliyan ɗaya ne, amma kaɗan daga ciki ke gangarowa zuwa matara, saura ƙasa ta shanye. Don haka sai an bi magudanan da ke kan tudu an auna filin da suke tarowa. Kuskuren da aka cika yi shi ne ɗaukar cewa matara tana cika kowace shekara, ko kuma cewa duk matarun wuri ɗaya lokaci guda aka yi amfani da su. A Rasafa ta hamadar Siriya, garin ziyarar shahidi Sarjis, manyan matarun ƙarƙashin ƙasa sun fi ƙarfin buƙatar mazauna nesa ba kusa ba, kuma taron ziyara na shekara ne ke bayyana girmansu.

Tarkacen da baƙi ke bari

Juji ya fi ɗaki faɗin gaskiya, domin ɗaki ana share shi. A jujin masauki ana sa ran tsingaron tukwanen girki, kofuna, kwanuka, fitilun mai da tulunan giya da yawa, irin dogayen tulunan Gaza da jajayen kwanukan Afirka ta Arewa da na Kubrus. Kayan noma da na saƙa kuma su yi ƙaranci. Ƙananan kwabban tagulla sukan yi yawa, don wurin da ake saye da sayarwa da dare a hasken fitila kuɗi na faɗuwa. In ba a tankaɗe ƙasa da rariya mai idon milimita 5 ko ƙasa da haka ba, yawancinsu za su tafi da ƙasar zubarwa.

Mutane sukan ɗauka 'yan butocin yumɓu na tubarraki, irin na Abu Mina, wurin ziyarar waliyyi Mina a Masar, masu hoton waliyyin tsaye tsakanin raƙuma biyu, su ne shaidar zango. Ba lallai ba. An same su har a Ingila, amma abin da suke nunawa shi ne inda maziyarci ya koma ko inda aka kai tsaraba. Mutum ba ya yar da abin da ya sha wahalar watanni ya samo a zangon hanya.

Rubutu shi ne ke yanke gardama in an yi sa'a. A Deir Sim'an ta arewacin Siriya, ƙauyen da ke gindin tudun da wani ɗan zuhudu mai suna Siman ya zauna a kan ginshiƙi har ya rasu a 459, akwai rubutun Girkanci a kan ƙofofi mai kwanan watan shekarar 479 da ke cewa ginin masauki ne. Ƙauyen ya cika da manyan gine-gine masu bene da baranda, ga hanya mai shaguna da ke hawa zuwa wurin ibadar. Idan babu rubutu irin wannan, haɗarin shi ne a ɗauko suna daga littafi a liƙa wa kango. An yi haka a Fortus, tashar jiragen ruwan birnin Rum: ginin da aka tono a ƙarni na 19 aka sa masa sunan masaukin Fammakiyus, wani attajirin Kirista na birnin Rum, saboda tsofaffin wasiƙu sun ambaci masaukin a garin. Da aka sake tono a ƙarshen ƙarni na 20 sai ya bayyana coci ne.

Wuraren da shaidu suka haɗu

Gidan zuhudun Martiriyus, gabas da Urushalima kusa da hanyar Yariko, shi ne misalin da ya fi tsabta. Yitzhak Magen ya tone shi daga 1982 zuwa 1985. Masaukin yana wajen katangar gidan, da ƙofarsa daban, da ƙaramin cocinsa, da bargarsa, da ɗakunan da aka ƙiyasta za su ɗauki mutum 60 zuwa 70. Wannan rabuwa ita ce hujja mafi ƙarfi. 'Yan zuhudu ba sa buƙatar coci na biyu da barga ta biyu a bayan katangarsu, sai dai don mutanen da ba a so su shiga ciki, musamman mata.

Abu Mina, wajen kilomita 45 kudu maso yamma da Iskandariya, gari ne sukutum da ziyara ta haifa. Carl Maria Kaufmann ya fara tono daga 1905 zuwa 1907, Peter Grossmann ya shafe shekaru gommai yana ci gaba. An samu titi mai ginshiƙai, dandalin maziyarta, masaukai, da gidan wanka mai ɓangare biyu. Masu zuwa daga Iskandariya ta tafkin Maryut suke ƙetarowa su sauka a tashar Filoksenit. Masu bincike daga Folan da ke aiki a kufan da ake ganin shi ne tashar sun samu gari mai tsararrun unguwanni na ƙarni na 6, da gidajen wanka da makewayi da matsayar jiragen ruwa ta dutse.

Akwai kuma wurin hutun rana da ba na kwana ba. Katisma tana tsakanin Urushalima da Baitalami, coci ne mai kusurwa takwas da wata mata mai suna Ikeliya ta gina wajen 456 a kewaye da dutsen da ake cewa Maryamu ta zauna ta huta. Aikin faɗaɗa titi ne ya tono shi a 1992. A ƙarni na 8 an ƙara mihrabi a gefensa na kudu, alamar Musulmi ma sun yi salla a wurin.

Inda babu gini ko kaɗan

Yawancin talakawan maziyarta ba su kwana a ƙarƙashin rufi ba. Kamar alhazanmu na da, da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, zangonsu gindin bishiya ne ko bakin rijiya, abin da suka bari toka ce da duwatsun murhu. A Sina'i shaidar irin wannan zango tana jikin duwatsu. A Wadi Hajjaj akwai ɗaruruwan rubuce-rubuce da alamun gicciye, da Girkanci da Armeniyanci da Jojiyanci, mutum ya rubuta sunansa ya roƙi Allah ya tuna da shi. Sun taru a inda inuwa take, sau da yawa a gefen dutsen da ke kare rana lokacin da ayari ke yada zango.

A Nessana ta hamadar Negeb, tonon 1935 zuwa 1937 ya fito da tarin takardu. Cikinsu akwai wasiƙu na wajen 683 zuwa 684 daga gwamna Musulmi yana umartar mutanen garin su ba da ɗan jagora zuwa Dutse mai tsarki, Dutsen Sina'i ke nan. Wato hanyar ta ci gaba da aiki bayan shigowar Musulunci, kuma abin da zango ke bayarwa ya wuce makwanci, har da jagora da guzuri.

Sa wa kango shekaru

Kwabo yana cewa ne "ba kafin shekara kaza ba", ba ya faɗin ƙarshe, ƙananan kwabbai kuwa sukan yi sama da shekara ɗari suna yawo. Abin da aka samu a ƙarƙashin daɓe shi ke ba da lokacin gini, na samansa lokacin barin wurin. Don gwajin kabon, wanda ke faɗin shekarun ragowar tsiro ko ƙashi, a zaɓi ƙwallon dabino ko na zaitun ko ƙwayar sha'ir, kada a ɗauki gawayin azara, domin a hamada ana sake amfani da katako ɗaya ƙarni bayan ƙarni. Girgizar ƙasa ta 363 da 551 da 749 sun bar shimfiɗun rushewa a Falasɗinu da kewaye, suna taimakawa, amma an cika jingina kowace rushewa gare su ko ga harin Farisawa na 614 ba tare da hujja ba.

Kafin a sa cebur a ƙasa, tsarin aiki shi ne a bi tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1960, waɗanda suka kama filaye kafin noman injin da gine-gine su cinye su, sannan a taka hanyar a ƙafa ana tsintar tsingaro, sai na'urar maganaɗisu ko radar ƙasa. Ta maganaɗisu tana ganin murhu da maƙera da kyau amma tana rikicewa a kan baƙin dutsen aman wuta irin na kudancin Siriya. Radar kuma ba ta shiga ƙasa mai laka ko gishiri. Ramin gwaji na farko a yi shi a bakin ƙofa, na biyu a juji, na uku a magudanar matarar ruwa.

Ko an yi duk wannan, abin da ƙasa ke iya tabbatarwa shi ne cewa baƙi sun kwana a nan da dabbobinsu. Niyyar da ta fito da su daga gida ba ta barin tsingaro. Ɗan kasuwa, ɗan aike, soja mai komawa gida da maziyarci a ɗaki ɗaya suke kwana, a kwano ɗaya suke ci, wani ma duka biyun ne, yana fatauci yana ziyara. Shi ya sa a rahoton tono mai kyau za ka ga an rubuta "masaukin matafiya a kan hanyar ziyara", ba a kiran wuri "masaukin maziyarta" sai in akwai rubutu a jikinsa, ko yana manne da wurin ibadar da aka san ana ziyarta, ko kuma hanyar ba ta zuwa ko'ina sai can.